Daga Jakar Wasiƙunku: Me Ke Hana Injin V8 Na Tsere Fashewa?

Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomin rani kuma ɗan kasuwar hatsi, daga yankin Kadawa ta jihar Kano. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan fili, ya ce yaronsa ne ya nuna masa tseren motoci na ƙasar Amurka a waya, ya ji injuna suna kuka kamar za su tsage, har awa uku ko fiye, ba su mutu ba. Da ya tambaya aka ce masa ai injin V8 ne. Shi kuwa bara ya sa an ɗan matsa wa injinsa na ban-ruwa don ya ƙara jan ruwa, ba a yi mako biyu ba bawul ya lanƙwashe, ga tumatir yana tsakiyar fure. Shi ne yake so mu ba shi tarihin wannan inji, mu kuma gaya masa irin kayan bawul da mutanen nan ke zaɓa har nasu ke jure abin da nasa ya kasa.

To Malam, mun gode da wasiƙarka, Allah kuma ya mayar maka da alheri a kan hasarar da ka yi. Abin da ya kashe injinka, da abin da masu tseren nan suka yi shekara da shekaru suna kokawa da shi, abu guda ne. Sai ka gyara zama, don amsar tana da ɗan tsawo.

Da farko dai V8 ba sunan mota ba ne, ko da yake a nan ƙasar da an ambace shi hankali kan tafi ga manyan motocin nan na masu hannu da shuni. Siffar inji ce. Silinda takwas ne, huɗu a dama huɗu a hagu, sun haɗu a gindi sun buɗe a sama kamar gwafa, dukkansu suna juya karanshaf guda. Kowace silinda tana da ƙofa aƙalla biyu, ɗaya ta shigar iska da fetur, ɗaya ta fitar hayaƙi. Murfin ƙofar shi ne bawul, wani ƙarfe mai kama da ƙusa, ga doguwar ƙafa ga faffaɗan kai. Mai buɗe shi kuwa kamshaf ne, watau sandar ƙarfe mai tozaye a jere, in tozo ya zagayo sai ya tura bawul ya buɗe. Amma fa ka riƙe wannan da kyau: tozo turawa kaɗai ya iya, bai iya jawowa ba. Mai mayar da bawul ya rufe shi ne sifirin, waya ce ta ƙarfe da aka nannaɗe. Duk rigimar da za ka ji a tarihin nan, a kan wannan 'yar wayar take.

Bari mu yi lissafi irin na 'yan aji shida. Kowane bawul kan buɗe sau ɗaya in inji ya yi juyi biyu. Ƙananan injunan ban-ruwa irin naka galibi an ɗaure su ne a kan juyi 3,600 a minti, watau bawul na buɗewa yana rufewa sau 30 a sakan guda. In inji ya kai juyi 6,000, sau 50 ke nan. In ya kai 9,000, sau 75 a sakan guda. Daɗin daɗawa, wahalar tana gaba da gudun nesa ba kusa ba. In ka ninka gudun inji sau biyu, ƙarfin da ake bukata a tsayar da bawul a dawo da shi ninki huɗu zai zama, in ka ninka sau uku ya zama ninki tara.

Shi kuma fistan da bawul wuri guda suke shiga, bi da bi, kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya. Muddin kowace tana ɗaga taɓaryarta a kan kari, daka sai daɗin ji. Da ɗaya ta makara, taɓare sun haɗu. Haka nan in sifirin ya gaza dawo da bawul a kan lokaci, sai bawul ya rabu da tozo ya shiga shawagi, fistan ya taso ya tarar da shi a hanya. Sauƙinta a lanƙwashe bawul kamar yadda ya faru gare ka. Muninta kan bawul ya gutsure ya faɗa cikin silinda, ya farfasa fistan, a yi hasarar inji ɗungurungum.

To yanzu sai tarihi. Wani Bafaranshe mai suna Léon Levavasseur ne ya yi rajistar injin V8 a shekarar 1902, aka yi amfani da shi a jiragen ruwa na tsere da jiragen sama na farko-farko. Kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sa shi a motocin sayarwa masu yawa a 1914. Amma wanda ya kai shi hannun talaka shi ne Henry Ford, a 1932, da injinsa mai ƙarfin doki 65. A wannan inji na Ford bawul a gefen silinda suke, a cikin gangar jikin injin, kansu yana kallon sama, kamshaf kuma yana ƙarƙashinsu dab da dab. Kayan ba yawa, ba kuma nauyi. Aibinsa numfashi: iska sai ta yi kwana kafin ta shiga silinda, hayaƙi ma haka, shi ya sa tun bai kai juyi 4,000 ba ƙarfinsa ya fara ja da baya, ga shi da saurin zafi. Inji ne mai kama da mai ciwon asma, ƙafafu lafiya lau, ƙirji ne ba ya ɗauka.

Samarin jihar Kalifoniya su suka fara yi masa dabara. Sukan sayi tsofaffin Ford da arha, su fita busassun tafkuna na cikin hamada su yi tsere a kan fako. Cikinsu aka sami masu sana'ar wasa kamshaf, su sake wa tozo siffa don bawul ya ƙara buɗewa, ya kuma daɗe a buɗe. Babbansu a wancan zamani Ed Winfield ne, sa'an nan wani yaro da ya ɗauki ilmi a wurinsa, Ed Iskenderian, ɗan asalin Armeniya da aka haifa a 1921, wanda daga baya sunansa ya zama tambari a wannan sana'a. Waɗannan mutane su suka fara gano, da kuɗin aljihunsu, cewa in ka ƙara wa tozo tsayi ka bar sifirin na kamfani, to ka sayi shawagin bawul ke nan. Tun daga lokacin mai sayar da kamshaf na ƙwarai ba ya sallamarka sai ya gaya maka sifirin da zai tafi da shi.

Maganin ciwon numfashin shi ne a ɗauke bawul daga gefe a mayar da su saman silinda, kansu yana kallon ƙasa, iska ta faɗo kai tsaye. Cadillac da Oldsmobile suka fito da V8 irin wannan a 1949, sauran kamfanoni suka bi sahu. Sai dai kamshaf yana nan ƙasa a tsakiyar gwafa, bawul kuwa sun koma sama, saboda haka tilas a sami 'yan aike a tsakani. Tozo ya tura wani ɗan guntun ƙarfe da kanikawa ke kira tafet, tafet ya tura wata doguwar sanda, sandar turi ke nan, ita kuma ta ɗaga gindin roka. Roka kuwa jigo ce sak, irin wanda kakanninmu ke ɗebo ruwa da shi a fadama: in gefe ɗaya ya yi sama, ɗayan ya yi ƙasa ya danna bawul. An sami numfashi, amma dubi abin da aka ɗora wa sifirin. Da bawul da tafet kaɗai yake mayarwa, yanzu an ƙara masa roka da sanda, duka a wuyansa, sau hamsin a sakan guda.

Nan ne injin da ya fi kowane suna a wannan fage ya shigo. A 1955 kamfanin Chevrolet, a ƙarƙashin babban injiniyansa Ed Cole, ya fito da ƙaramin V8 mai lita 4.3 da ƙarfin doki 162. A takarda ba wani abin a zo a gani ba ne. Sirrinsa yana ƙarƙashin murfi. Sauran kamfanoni suna yin roka da zubin ƙarfe mai nauyi, su jera su a kan wata sanda. Su kuwa sai suka buga tasu daga fallen ƙarfe kamar yadda ake buga cokali, kowace tana zaune ita kaɗai a kan ƙusarta, tana lilo a kan wani rabin ƙwallo. Dabarar ta wani injiniya ce na ɓangaren Pontiac mai suna Clayton Leach. Sandar turin ma rami gare ta a ciki, ta nan baƙin mai ke hawa ya jiƙa roka. Ni a ganina neman arha ne ya fi yawa a lissafinsu, don buga falle ya fi zubi sauƙin kuɗi. Amma da kayan suka yi sauƙin nauyi, sai ga inji yana hawa juyin da manyansa ba sa iya zuwa. Samari suka yi masa caa. Ya zuwa shekarar 2011 kamfanin ya ƙera wannan inji da zuriyarsa har guda miliyan 100.

Akwai wani mutum a kamfanin da bai kamata a tsallake shi ba, Zora Arkus-Duntov, haifaffen Beljiyam wanda ya tashi a Rasha, ya kama aiki da su a 1953. Shi ya zana wani kamshaf da har yau ake kira da sunansa, ya sa shi a motar Corvette, ya haura mil 150 a awa a kan rairayin bakin teku na Daytona a farkon 1956. Abin lura a kamshaf ɗin nan shi ne irin tafet da ya zaɓar masa. Tafet iri biyu ne a lokacin. Akwai mai cika cikinsa da baƙin mai, yana gyara tazararsa da kansa, ba ƙara ba wahala, shi ya dace da motar zuwa kasuwa. Amma in gudu ya yi gudu, aka ɗan sami shawagi, sai ya ƙara shan mai ya kumbura, ya hana bawul rufewa sosai, ƙarfi ya zube. Akwai kuma daskararre, ƙarfe zalla, wanda tilas makanike ya riƙa buɗe murfi yana saita tazara da ma'auni, yana kuma ƙara kamar keken ɗinki. Daskararren Duntov ya ɗauka. Wanda ke son gudu ya yarda da ƙarar, ya kuma yarda da zuwa gareji a kai a kai.

Daga nan fa sai aka shiga abin da Hausawa ke cewa ana kukan targaɗe sai ga karaya. An sa sifirin mai tauri don a hana shawagi, sai ya fara tumɓuke ƙusar da roka ke zaune a kai, don a injunan farko cusa ta kawai aka yi, ba ɗauri. Aka koma ƙusa mai zare wadda ake murɗawa. Sai sandar turi ta fara lanƙwasa kamar kara a ƙarƙashin nauyi, in ta lanƙwasa kuma sai ta miƙe da ƙarfi ta wurga bawul gaba da inda tozo ya nufa. Aka yi ta mai kauri. A nan masana suka koyi wani abu da ya saɓa wa zato: a ɓangaren sanda tauri ya fi rashin nauyi muhimmanci, a ɓangaren bawul ne ake ƙirga kowane giram. Sai kuma ramin roka ya fara cinyewa, aka koma roka ta alminiyam ko ƙarfe mai boris a ciki da 'yar taya a baki. Masu tsere na sosai ma suka komo wa jera roka a kan sanda, abin da aka gudu a 1955, don ta fi tsayawa daram.

Sai gindin tafet. Na asali shafaffe ne, yana goga a kan tozo, kuma duk taurin da ka ƙara wa sifirin a wannan ɗan wurin yake sauka. In abin ya yi yawa sai tozo ya cinye ya zama sumul, garin ƙarfe ya bi mai ya zagaye inji. Wani mutumin Kalifoniya mai suna Chet Herbert, wanda shan inna ta zaunar da shi a keken guragu tun yana saurayi, yana cikin waɗanda suka fara sayar wa masu tsere tafet mai 'yar taya a gindi a farkon shekarun 1950, dabarar da babura irin Harley-Davidson suka daɗe da ita. Taya birgima take yi a kan tozo, saboda haka ana iya yi wa tozo kafaɗa mai tsini, bawul ya buɗe farat ɗaya. Sai a 1985 Ford ya sa irinsa a injin Mustang na sayarwa, Chevrolet ya bi a 1987. Wani abin da ya ƙara kore shafaffen tafet shi ne baƙin mai kansa. Akwai sinadarin zinki da fosfaras da ake zubawa a mai don kare wuraren gugar ƙarfe, sai aka rage shi wajen shekarar 2004 saboda yana lalata matatar hayaƙi ta cikin salansa. Masu haɗa injunan tsohon yayi da yawa suka yi ta hasarar sabon kamshaf kafin su gane daga ina matsalar take. Shi ya sa har yau wanda ya sa shafaffen tafet sabo yakan nemi mai na musamman, ya tayar da inji ya riƙe shi wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti 20 ko 30, don tozo da tafet su saba da juna.

Shi kansa bawul an yi masa aiki. Ana yin na shigar iska da wani ƙarfe da ake kira titaniyam, wanda nauyinsa bai kai kashi 60 cikin 100 na ƙarfen da muka sani ba, sai dai tsada. Na fitar hayaƙi kuwa wuta ce matsalarsa, don yakan yi zafin da ya haura digiri 700, ya yi ja wur. Tun a shekarun 1920 wani injiniya ɗan Ingila mai aiki a Amurka, Sam Heron, ya fito da dabarar raraƙe ƙafar bawul a zuba sinadarin sodiyam a ciki, don injunan jirgin sama. Sodiyam yana narkewa tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba, sai ya riƙa kai da kawowa a cikin ramin, yana kwasar zafi daga kai yana kaiwa ƙafa. Corvette ta 2006 mai lita 7 ta haɗa duka biyun, titaniyam a shiga, sodiyam a fita, ta kai juyi 7,000 da sandar turinta, kuma mota ce da kowa ke iya saye in yana da kuɗin.

Sifirin ma yana da nasa aljanun. In aka yi ta bugunsa a kan wani kari, sai zobbansa su kama rawar kansu, igiyar motsi ta riƙa hawa da sauka a jikinsa kamar tsirkiyar gurmi, ya manta da aikin da aka sa shi, daga baya ya karye. Maganin da aka daɗe ana yi shi ne a sa biyu ko uku, wani cikin wani, suna gugar juna suna kashe wa juna rawa. Daga baya aka yawaita mai siffar rumbu, faffaɗan gindi da tsukakken kai, wanda zobbansa ba girmansu ɗaya ba, saboda haka ba sa haɗa baki su yi rawa tare, hularsa ta sama kuma ƙarama ce. Irinsa Chevrolet ya sa a sabon injinsa na 1997.

Wasu kuwa suka ce duk wannan wahalar ta mece ce, a kori 'yan aiken mana, a hau da kamshaf sama ya zauna a kan bawul. A Fabrairun 1964 injin Hemi na kamfanin Chrysler ya kwashe na ɗaya da na biyu da na uku a tseren Daytona mai mil 500, Richard Petty ne a gaba. Ford ya ji haushi, cikin 'yan watanni ya fito da V8 mai lita 7 da kamshaf a kan kowane gefe, sarƙar da ke juya su tsawonta ya kai na dogon mutum. Shugaban ƙungiyar tseren NASCAR, Bill France, ya ce wannan ba injin motar kasuwa ba ne, ya hana shi shiga. Injin ya ƙare a tseren gajeren zango.

A Turai ba a yi wannan hani ba. Ford ya ba wasu Ingilishi biyu, Keith Duckworth da Mike Costin, fam 100,000 su ƙera masa injin tseren Formula 1. Sunan kamfaninsu Cosworth, an yanko shi ne daga sunayensu biyu. Duckworth ya zana V8 mai lita 3, kamshaf huɗu duk a sama, kuma a maimakon manyan bawul biyu a kowace silinda sai ya sa ƙanana huɗu, 32 ke nan a inji. Ƙaramin bawul ba nauyi, sifirinsa ba ya shan wuya, ga ƙofa ta ƙara faɗi in an haɗa su. Ran 4 ga Yunin 1967 aka fara fita da shi a Zandvoort ta ƙasar Holan, Jim Clark ya ci tseren a ranar. Yana ba da ƙarfin doki 400 da 'yan kai a juyi 9,000. Kafin a ajiye shi ya ci manyan tsere 155, na ƙarshe a 1983.

Duk da haka wayar nan ba ta daina zama iyaka ba, har sai da kamfanin Renault na Faransa ya cire ta gaba ɗaya a 1986, a injin motar Lotus da Ayrton Senna ke tuƙawa. Wancan injin silinda shida ne, amma dabarar ta game kowa. A gurbin sifirin sai suka sa wani ɗan kofi cike da matsattsiyar iska, in bawul ya buɗe ya danne iskar, ita kuma ta tunkuɗo shi ya koma. Iska ba ta rawa irin ta waya, ba ta kuma karyewa. Da aka komo da V8 mai lita 2.4 a Formula 1 a 2006, injin Cosworth ya taɓa juyi 20,000 a minti, watau kowane bawul yana buɗewa sau 166 da ɗoriya a sakan guda. Hukumar tseren ce ta taka musu birki, ta yanke 19,000 a 2007, sa'an nan 18,000 a 2009, har aka sallami V8 a ƙarshen 2013.

Kada ka ce sandar turi ta mutu. Akwai wani labari mai daɗi na 1994. Dokar tseren Indianapolis ta yi wa injuna masu sandar turi rangwame, ta yarda su fi saura girma da matsin iska, a zaton ba wanda zai iya sa su gudu sosai. Attajirin tsere Roger Penske da kamfanin Ilmor na Ingila suka ɓuya suka ƙera sabon V8 don wannan tsere guda ɗaya tak, aka liƙa masa sunan Mercedes. Suka ɗaga kamshaf sama iyakar yadda doka ta bari, sanduna suka zama gajeru masu tauri, injin ya haura ƙarfin doki 1,000 a wajen juyi 9,800. Al Unser ƙarami ya ci tseren da shi. Ba a jima ba aka sauya dokar, bai sake shiga ba.

Motocin da yaronka ya nuna maka kuwa, bisa yadda ka kwatanta su, na NASCAR ne. Dokarsu ta tsaya a kan V8 mai sandar turi, bawul biyu a silinda, girman lita 5.86, da sifirin na waya. Da wannan tsohon tsari suka kusanci juyi 10,000, har a 2005 aka kafa dokar giya don a rage musu. Kuma da shafaffen tafet suka yi duk wannan, don sai a 2015 aka yarda musu da mai taya a babban rukuni. Yi lissafi: in inji ya riƙe juyi 9,000 awa uku cur, kowane sifirin ya matsu sau 810,000. Abin da waya ba ta nuna maka ba shi ne a kai a kai ake kwance injin, a auna kome, sifirin da suka yi aiki a ajiye su ko da ido bai ga aibinsu ba. Kai kuwa so kake naka ya yi maka rani uku.

Saboda haka in ka shiga shagon mai haɗa irin wannan inji a yau, ba zai fara da tambayar wane bawul ya fi tsada ba. Zai fara da juyi nawa ake so, kuma na tsawon wane lokaci. Daga nan ya zaɓi kamshaf, kamshaf ya nuna masa tafet, nauyin bawul da tsayin tozo su nuna masa sifirin. Sa'an nan awo. Zai ɗora kowane sifirin a kan ma'auni ya ga ƙarfinsa in bawul na rufe da in yana buɗe. Zai tabbatar in tozo ya kai ƙololuwa akwai sauran 'yar tazara tsakanin zobba, don in suka haɗe suka zama dunƙule, sanda ce za ta lanƙwashe ko roka ta karye. Har yumɓu sukan liƙa a kan fistan, su juya inji da hannu, su buɗe su auna zurfin sawun da bawul ya bari, don su san tazarar da ke tsakanin taɓaren nan biyu. Sifirin da ya yi laushi shawagi ne, wanda ya wuce kima kuma cin tozo ne da hasarar ƙarfi. Wanda ya sayi kamshaf a wannan shago, sifirin a wancan, don ya rage 'yan kuɗi, galibi shi ke dawowa da inji a buhu.

Mu komo Kadawa. Injinka silinda ɗaya ne, amma in irin na yanzu ne mai bawul a sama, to tafet da sanda da roka da sifirin duk suna ciki, ƙanana. Sifirinsa mai laushi ne da gangan, an auna shi daidai juyi 3,600 da ɗan rara, don kamshaf ya daɗe. Abin da ke tsare wannan iyaka shi ne gwamna, ɗan hannun nan mai waya da ke jan totur baya in gudu ya yi yawa. Sa'ad da aka matsa masa, an ƙara gudu ne ba a ƙara wa sifirin kome ba, ka kuwa ji yadda lissafin ke ninkuwa. In an gyara, ka sa makanike ya mayar da gwamna inda kamfani ya sa shi, ya saita tazarar bawul inji yana sanyi, in sifirin ya riga ya sha wuya a sauya shi tare da bawul ɗin. In ruwan ne bai isa ba, famfo mai bakin inci uku za ka nema a maimakon mai inci biyu, ko ka rage tsawon tiyo da tudun da ruwa ke hawa.

A gaishe mana da yaron da ya nuna maka tseren, da sauran manoman Kadawa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.